Sunan Tanimu a Jikin Gilashi

An yi wani mai aikin wutar lantarki da mahaifinsa ya rasu ya bar masa shagon ɗaukar hoto a bakin tasha. A saman shagon akwai allo mai siraran bututun gilashi da aka lanƙwasa suka rubuta sunan tsohon, "Tanimu Mai Hoto". A da, magariba na yi sai sunan ya kama da jan haske, matafiya su san an iso gida. Tun rasuwar tsohon allon bai sake kamawa ba. Mutumin kuwa kewar uban ta hana shi sakat. Kullum ya wuce sai ya ɗaga kai, abin na cin ransa. Da salla ta gabato ya ce lallai 'yan garin da za su dawo sai sun tarar da sunan nan yana ci.

Ya sauya na'urar da ke ƙara wa wutar ƙarfi, ya ja sababbin wayoyi. Saura abu ɗaya. Ƙa'idar aikin ta ce a haɗa ƙarfen allon da ƙasa, don in wuta ta ɓalle ta sami hanya ta bi, fis ya yanke. Masu aikin sun san abin da ake nufi: a haƙa rami har a taɓo danshi, a kafa sandar tagulla, a zuba gawayi da gishiri. Shi ma ya sani sarai, amma ɗoki ya sa ya zama malamin kansa. Ya dubi turken ƙarfen da ke ɗauke da allon ya ce, "Ai ga shi nan a ƙasa, an cika ƙa'ida." Turken kuwa cikin siminti yake, ga fenti ya sha, wuta ba ta da hanyar bi ta jikinsa ta shiga ƙasa.

Sunan ya kama, ya tsaya yana kallo har hawaye suka zubo masa. Ruwan farko da ya sauka ya shiga akwatin wayoyin. Wuta ta ɓalle, fis bai yanke ba, ta yi ta tartsatsi har gilashin ya tarwatse. Wanda ya lanƙwasa haruffan ya daɗe da rasuwa, mai aikin wutar ya yi cigiya har birni bai sami mai irin hannunsa ba. Yanzu ramin yana nan, ya haƙa shi yadda ya kamata, sandar tagulla a kafe tana jiran allo. Shi kuma yana ta tambayar matafiya ko sun san mai lanƙwasa gilashi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.