Yatsan Tsoho da Ƙaramin Inji

Tun da ka kawo zancen hidimar iyaye, bari in ba ka misalin wani masunci na ƙasar Yauri. Mahaifinsa gwanin jan fatsa ne a zamaninsa. Yakan soke ɗan kifi a ƙugiya, ya saki doguwar igiya a bayan kwale-kwale, ya ɗora ta a kan yatsa, ya riƙa tuƙi sannu-sannu. Ɗan kifin nan sai ya yi ta wutsil-wutsil a ƙarƙashin ruwa kamar mai rai, har giwan ruwa ya ruɗu ya kawo cafka. Kamun kifi irin wannan ba na ido ba ne, na yatsa ne. Da tsufa ya cim masa, ido ya dusashe, kafaɗa ta ƙi filafilin tuƙi, kwale-kwalen ma ya ruɓe a bakin gaɓa. Ɗan kuwa Allah ya buɗa masa. Yana da ƙaton jirgin katako da inji mai ƙarfin gaske, irin wanda ke kwasar 'yan kasuwa da buhunansu ya tsallaka da su kafin su gama gaisawa. Yana son uban nan kamar ransa. Sai ya shimfiɗa masa tabarma a bayan jirgi, duk ranar da ba kasuwa su fita tare, shi ya tuƙa, tsoho ya riƙe igiya.

To, babban inji ba a yi shi don tafiyar hawainiya ba. In ya rage masa wuta sai ya yi ta tari yana hayaƙi, jirgi na karkarwa daga kai har gindi, can ya mutu. In ya ƙara masa sai ya zabura, ƙugiya ta taso saman ruwa tana tsalle, ba kifin da zai wahalar da kansa binta. Suka yi ta fita suna dawowa hannu rabbana. Wani lokaci a janyo igiya a tarar an cinye ɗan kifin tas, tsoho bai ji ko motsi ba. Wannan shi ya karya masa zuciya. Bai taɓa zargin inji ba, ina shi ina kushe abin da ɗansa ke alfahari da shi? Yatsansa ya zarga. Ran nan ya naɗe igiyarsa ya miƙa wa ɗan, ya ce, "Ido ya tafi, ga hannu ya bi shi. Ka huta da wahala, ɗana." Daga nan ya koma zaman zaure, ya juya wa kogi baya, tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Ɗan ya ɗinko masa babbar riga, ya yi ta aiko masa da tsire da fura mai nono, duk a banza. Tsoho sai ƙara ramewa yake yi, ɗan kuwa baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Wata safiya kewar uban ta ishe shi, ya fita shi kaɗai, ya saki igiyar ya ɗora a nasa yatsan. Lafiyayyen mutum, majiyi ƙarfi, amma ba abin da yake ji sai karkarwar jirgi tana bin hannunsa har gwiwa. Can inji ya yi halinsa ya mutu. Jirgi ya ci gaba da sulalewa shiru, sai ga wani ɗan taɓi a igiya, kamar yadda jariri ke kama yatsan uwarsa. Nan ya zauna ya yi kuka mai isarsa, don ya gane ba hannun tsoho ne ya mutu ba, shi ne ya toshe shi da ƙarfin injinsa. Jirgin ya fi ƙarfin filafilin mutum ɗaya, saboda haka ya je ya nemo wani ɗan inji, wanda za a iya rungumarsa a hannu, ya ɗaura shi a gefen babban. Mutanen bakin ruwa suka sami abin dariya, suna cewa giwa ta goyo ɓera.

Ɗan ya lallaɓa tsoho da cewa rakiya kawai zai yi masa. Babban inji ya kai su can zurfi, inda manyan kifaye suke, sai ɗan ya kashe shi, ya tayar da ƙaramin. Jirgi ya kama tafiya lumui, ba hayaƙi ba karkarwa, har ana jin ruwa na lasar katako. Ya ɗauki hannun uban, ya ɗora masa igiya a yatsa. Tsoho ya so ya janye, ya ji kunyar ɗansa, ya bari. Sun ɗan jima a haka sai ya ga bayan tsoho ya miƙe, ya karkata kai gefe, ya ce cikin raɗa, "Kada ka ƙara, kada ka rage. Ga shi nan yana shinshina." Ya dakata, ya dakata, sannan ya fizga. Da suka taru suka janyo giwan ruwan cikin jirgi, tsoho ko shafa shi bai yi ba. Yatsansa ya riƙe da ɗaya hannun, hawaye na bin gemunsa, yana dariya yana cewa, "Ashe kana nan! Ashe kana nan!" A cikin jirgin, tun ba su juya gida ba, ya tambayi ɗan ko ya taho da abin taɓawa, yunwa yake ji.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin goro ya fi babban dutse.