Abin da Ke Cikin Sitiyarin Harisu

Haƙora biyu na gaba Harisu ya bari a jikin sitiyari, ranar da ya kauce wa jaki a hanyar Yashe ya rungumi darbejiya. Gaban motar ya lotse, jakin ko waiwayowa bai yi ba. Balan-balan ɗin nan da ake cewa tana fitowa daga cikin sitiyari ta tare fuskar direba kuwa, ko motsi ba ta yi ba.

Matarsa Rahamatu, wadda ke kiransa Baban Murja saboda 'yarsu, ta gode wa Allah da ya bar mata shi da rai. Giɓin bai dame ta ba. A idonta ma har wani kyau ya ƙara masa, irin na yaro mai famfara. Shi ne dai abin ya tsaya wa a rai, don duk Kusada an koma kiransa Mai Taga. Wata Juma'a a ƙofar masallaci wani ya tambaye shi ko iska ba ta damunsa. Harisu ya miƙe a gaban jama'a ya ce in bai gurfanar da wanda ya cuce shi gaban alƙali ba kafin a ga watan azumi, to a bakin auren Rahamatu.

Liman ya ce magana ta riga ta fita, saki ya rataya. Ga shi Sha'aban ya kama.

Rahamatu ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafi ta tasa shi gaba zuwa Kankia, ofishin wata lauya mai suna Adawiyya.

Lauyar ta saurare su, tana ƙoƙarin kawar da ido daga bakin Harisu. Ta ce hanyoyi suna nan. Ana iya yin sulhu, ana iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye, ana iya shiga kotu. Harisu ya ce kotu. Ta ce to, amma kotu ba ta shari'a da iska, sai an san wa za a kai. In daga kamfani aka ƙero balan-balan ɗin da lahani, kamfanin za a nema. In dillali ya san babu ita ya ɓoye, shi ne. In kuma wani mai gyara ne ya taɓa ta, shi za a kama. Ta gargaɗe su kada kowa ya taɓa motar sai an buɗe sitiyarin a gaban shaidu.

"Mai gyara ne," in ji Harisu, iska na fita ta giɓin. "Cire ta suke su sayar, su cusa tarkace, su manne murfin da gam. Marasa tsoron Allah!"

Ya san harkar. Kafin ya koma sayen hatsi, bakanike ne a bayan tashar Kankia. Ranar da ya sayo motar ma, sabon koren fenti na ƙyalli, ƙofar direba ta ƙi buɗuwa, ya ɗan doke ta da gwiwa a wani wuri ta buɗe. Rahamatu ta yi dariya ranar, ta ce kamar shi da motar sun saba.

Aka shiga bin sawu. Yakubu, dillalin da ya sayar masa da motar, ya rantse shi ko murfin gaba bai taɓa ɗagawa ba, a hannun wani malamin makaranta a Kafin Soli ya same ta. Malamin ya ce shi fenti kawai ya canza mata da lamba, wurin wani Modibbo a Kaikai ya saya. Suka sami Modibbo a gindin tsamiya cikin shanunsa. Ya ce ƙwarai, fara ce a lokacin, ta taɓa yin karo da bijimi, aka kai ta Kankia aka gyara. Wane gareji? Ya ɗaga kafaɗa. Ɗansa ne ya kai, kuma yana kudu da shanu.

Wata ya yi nisa. Maƙwabta suka fara tambayar Rahamatu cikin tausayi ko ta soma haɗa kaya. Ita kuwa kullum da safe sai ta dama masa kunu mai laushi, ta zauna tana kallon yadda yake sha ta gefen baki, tana jin ba ta iya barin wannan mutumin ko haƙoransa duka za su zube.

Ana jibi duban wata aka taru a inda aka ajiye motar: lauya, mai unguwa, liman, da injiniyan da aka ɗauko daga Katsina. Injiniyan ya sa ƙarfe ya ɓanɓare murfin. Babu balan-balan. Ya zura yatsu ya jawo wani dunƙulallen ƙyalle, ya yi ta ja, abin na fitowa kamar hanjin rago.

"Kun gani!" Harisu ya daka tsalle. "Tsumma! Wallahi ko a rami yake sai na tono shi!"

"Tsumma ba ya da suna, Malam Harisu," in ji lauyar. "Har yanzu ba mu da wanda za mu kai."

Rahamatu ta durƙusa ta warware ƙyallen. Atamfa ce mai zanen tsuntsaye, duk baƙin mai, an ɗinke bakinta da jan zare, ɗinkin hannu, a karkace. Ta shafa ɗinkin, ta ɗago ta dubi mijinta da wani murmushi, irin na wadda aka sauke wa kaya.

"Muna da shi, Lauya," ta ce. "Zanen lefena ne, ni na ba shi ya riƙa goge hannu a gareji. Rubuta Baban Murja ya kai Baban Murja ƙara, a shigar yau, kafin a ga wata."