Filogi Mai Launin Ƙosai

Malam Barau, zauna mana. Wato sai da ka tambayi surukinka, ka tambayi mai shayi, har wanzami ka tambaya, sannan ka tuna akwai ni a garin nan? Ba komai, na saba. Ka ce ka gina tanda ninkin tsohuwar a gidan burodinka, kana zuba itace yadda ka saba, amma burodi na fitowa baya a ƙone, ciki ɗanye. To buɗe kunne in ba ka misali, ko da yake ban ga ka riƙo mini ko mulmule ɗaya ba.

An yi wani direban akori-kura, aikinsa ɗauko tumatir daga fadama zuwa kasuwar kan tudu. A tsakani akwai wani hawa mai tsawo da motarsa ke rarrafe a kai, abokan sana'a na wuce shi suna danna masa hon. Abin ya ishe shi, ya kai ta gareji aka faɗaɗa wa injin hanyar shan iska, aka cire tsohuwar salansa aka ɗaura mai faɗin baki. Da aka tayar, ruri ya cika gareji, direba ya yi ta tsalle yana cewa gobe zai ga wanda ya isa ya sake yi masa hon. Bakaniken da ya yi aikin ya juya ɗan sukurun kafireto, wanda ke auna yawan man da zai gauraya da iska, juyi biyu da rabi cif, don kuwa haka ubangidansa ya koya masa, haka shi ma ubangidan ya gada. Washegari manoma suka danƙa wa direba kwando arba'in, gumin noman raninsu ke nan. Ya taka totur yana waƙa. A gindin hawa mota ta fara tari, tana harbi ta salansa kamar bindigar toka, allurar zafi ta haura, ta tsaya cik. Ga hantsi ya dubi ludayi, tumatir ya fara zufa a kwando. Direba ya ce ai yunwa take ji, ya buɗe bonet ya kwance sukurun nan iya son ransa. Sai baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur, ta yi gurnani biyu ta mutu. Aka ɗauko bakaniken a babur, ya mayar da sukuru biyu da rabi, ta ƙi. Ya rantse lissafin ubangidansa bai taɓa kuskure ba, sai dai in sammu aka yi wa motar.

Ana cikin haka wani bakanike ya zo wucewa, mutum mai fasali, da 'yar furfura a gemu irin wadda ke ƙara wa namiji kwarjini. Ban ce ni ne ba, daina dubana haka. Ya zaga motar sau ɗaya, ya ce aikin nan ba ya yiwuwa sai da ƙosai. Direba ya zaci sadakar karya sammu ce, ya ruga wurin mai tuya a bakin titi ya ciko leda. Mutumin ya ware guda uku, ɗaya fari da aka kwashe da wuri, ɗaya ƙonanne, ɗaya da ya soyu daidai, ya jera su a kan bonet. Sauran kuwa ya zauna ya cinye a tsanake, direba na kallon kwandunansa kamar ya yi kuka. Sannan ya kwance filogi, wanda ke ba injin wuta, ya ajiye kusa da ƙonannen: baƙi ƙirin, launi ɗaya. Ya ce wannan aikin direba ne, mai ya danne iska. Ya goge shi, aka tayar a biyu da rabi, aka ɗan zaga, ya sake cirewa: fari fat, ɗan'uwan ɗanyen ƙosai. Ya ce wannan kuma aikin ubangida ne, iska ta rinjayi mai, shi ya sa take zafi tana harbi. Ya dube su ya ce, "Kun faɗaɗa mata hanci, kun bar ta da tsohon cokali." Ya buɗe kafireto, ya sauya 'yar ƙofar da mai ke bi da wadda ta ɗan fi ta, ya kafa kunne a jikin injin yana juya sukuru kwata-kwata. A zaga, a cire filogi, a kara da ƙosai. A karo na huɗu, Malam Barau, sai da direba ya kusa jefa filogin a baki! Injin ya ɗauki murya sumul kamar ana kaɗa kalangu. Bakaniken farko ya matso ya tambayi juyi nawa aka yi don ya haddace. Aka ce masa ba a ƙirga ba, gobe ma ya tambayi filogi. Mota ta haye tudu a giya ta uku, ta wuce masu hon ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, tumatir ya isa kasuwa da ƙwarinsa, kwando biyu na ƙasa kawai suka lotse. Direban kuwa ko tumatir ɗaya bai miƙo ba, hannu kawai ya ɗaga ta taga. Har yau abin na yi mini ciwo. Yana yi masa ciwo, nake nufi.

Ubangidan nan bai yi ƙarya ba, na tsohon inji ya faɗa. Kai ma tashi ka je ka fasa burodinka ka ga abin da yake gaya maka, in ya soyu ka tuna hanyar gidana. Hausawa sun riga mu: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.