Lauwali Bai Kai Ba

"Buɗe baki," in ji Ramlat.

Lauwali ya tsuke leɓe, ya kau da kai. Yana tsaye bakin ƙofar ɗakin talabijin, gaban rigarsa duk ɗigon kunu, ita kuma ta tare hanya da hannu biyu. A ciki Ikrima da Nurain sun riga sun baje kan tabarma, suna jiran a kunna.

A gidan nan na garin Zakka, Ramlat ce mai tace fim. Zaharaddeen, wanda ya sayo talabijin ɗin da solarsa daga Safana, shi ya ɗora ta kan aikin, don ita ce mai karanta boko ba gargada. Ita ta gano cewa 'yar lambar nan da ke fitowa a kusurwa kafin fim ya fara ba farashi ba ce, shekarun mai kallo ne. Tun daga ranar ta zama hukuma. Duk fim ɗin da aka turo a memori ranar kasuwa, sai ta dawo daga makaranta ta duba shi tukuna, ido ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe da hijabi.

In za a faɗi gaskiya, Lauwali ne ya jawo aka kafa dokar. Shi komai ya gani a akwatin, ya faru. Ranar da wani mugu ya mari wata baiwar Allah a fim, kwanon fura ya wurga masa, saura ƙiris gilashin ya tashi aiki. Da wani jarumi ya mutu, ya wuni bai ci abinci ba. Bayan mako ya ga mutumin da ransa a wani fim yana tuƙa mota, sai ya fita da gudu ba takalmi yana ihun fatalwa, kajin gida suna watsewa.

Matsalar ita ce ba mai takardar haihuwa a gidan. Ramlat ba ta tsaya dogon tunani ba, ta ɗauko dabarar da ta gani a kara, inda mai sayen rago ke wage masa baki ya san shekarunsa. Wanda haƙoransa suka cika, ya kai. Mai giɓi, ya jira. Nata bakin dai ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin dubawa.

Fim ɗin yau mai lamba sha uku ne, labarin wani maharbi da ya yi kokawa da kura. Bulus, abokin Lauwali kuma sa'ansa, ya riga ya gani. Kullum a gindin darbejiyar da suke taruwa, sai Bulus ya miƙe ya kwaikwayi kurar, yana zuwa wurin daɗin ya tsaya, ya dubi Lauwali ya ce, "Sauran sai an bar ka ka shiga." A kwashe da dariya har da masu wasan dara. Jiya abin ya ishi Lauwali, ya rantse a gaban kowa cewa gobe shi zai ba su ƙarshen labarin. In bai gani yau ba, da wane ido zai koma gindin itacen?

Ya laluba aljihu, ya zaro alewa guda wadda zafi ya narkar, ya miƙa mata a ɓoye.

"Ina ka samo wannan? Ba an hana ka zaƙi ba?" Ta karɓe, ta jefa cikin nata aljihun. "Cin hanci ke nan. Buɗe baki."

"Mi na yi maki ne, Ramlat? Ba ni ihu. Wallahi ko kwano ba ni ɗauka."

"Baki."

Ya buɗe. Ta kama haɓarsa, ta karkata ta wajen haske, ta leƙa kamar mai neman guga a rijiya. Gaba wayam, sai dasashi.

"Ba ka kai ba."

Ta shige, ta rufo ƙofa. Can sai ga kukan kura daga ciki, su Ikrima suna ta sowa. Abin ya yi wa Lauwali ciwo ƙwarai, har hawaye suka zubo masa, ya share da gefen riga. Matan gida duk sun tafi suna, ba wanda zai kai wa ƙara.

Sai idonsa ya faɗa kan turmi. Ya mirgino shi da ƙyar yana nishi, ya kife shi ƙarƙashin taga, ya dafa bango ya hau. Ya hango maharbin kwance, kura a kansa. Bai san lokacin da ya kwarara ihu ba: "Tashi! Cije ta kai ma!"

Ƙofa ta buɗe. Ramlat ta fito hijabi na jan ƙasa, ta cafki bayan rigarsa tana ja, shi kuma ya rungume ƙarfen taga, turmi na rawa. Ana cikin haka babur ɗin Zaharaddeen ya tsaya a zaure.

Ya saurari ƙarar kowa, ya leƙa ɗaki, ya tambayi lambar da ke kan fim ɗin. Ramlat ta ce sha uku, tana hura hanci. Zaharaddeen ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya dafe kai.

Sai ya kora Ikrima da Nurain waje su ɗebo ruwa, ya haɗa da mai tace fim ɗin, wadda ko shekara tara ba ta cika ba, sannan ya cire hula ya durƙusa gaban turmin ya ce, "Baba, don Allah sauko a hankali, duk gidan nan kai kaɗai ka kai."