Yaƙin Wake a Dawanau

A kasuwar Dawanau akwai wani mai sayar da wake, Badaru, wanda bai taɓa kiran sana'arsa ciniki ba. Yaƙi yake ce mata. In ya ci riba, sai ya ce ya yanka mutum. In wani ya rufe shago, sai ya ce ya binne shi. 'Yan rumfa suna dariya, suna kiransa Sarkin Yaƙi.

Bana sai ga abokin gaba. Wani dillali, Malam Sabiru, ya fara kawo farin wake tas, tsintar hannu, ba tsakuwa ba ƙwaro. Buhunan ba yawa, amma babban mai sayen Badaru, wanda ke lodi zuwa Legas, ya gani ya yaba, har ya ce can zai koma.

"Na wane ne?" in ji Badaru.

"Mai shi ba ya son a ambace shi," in ji Sabiru. "Daga wajenku ne dai, Tofa. Alhaji, ka bar wannan yaƙin."

"Matsoraci ne ke nan. Sai na kashe shi."

Ya karya farashi, abin bai yi ba. Sai ya raɗa wa 'yan dako cewa an barbaɗa wa waken nan guba ta kashe ƙwari, wanda ya ci sai asibiti. Kafin azahar magana ta zaga kasuwa. Mai sayensa ya dawo. Waken Sabiru kuwa ko taya shi ba a ƙara yi ba.

Ran Juma'a Badaru ya je ƙauye gaida mahaifiyarsa. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin ƙanwarsa Aina'u. Ya zauna a tabarma ya kwashe labarin duka yana dariya, yadda ya yi kwanton ɓauna, ya kai hari, ya gama da shi. Aina'u ta sunkuyar da kai. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

Can sai ga ƙarar a-kori-kura a ƙofar gida, da sallamar Malam Sabiru. 'Yan dako suka fara sauke buhunan farin waken nan.

Inna ba ta ko dube shi ba.

"Aina'u, ce wa yayanki ya tashi ya kama musu. Tunda shi ya kashe, ai shi ya kamata ya shigo mini da gawar wakena."