Farantin da Aka Rufe Ladidi da Shi

Tun da itace ya ƙare a ƙasar nan, da matattun farantan sola ake rufe kabari kafin a tura ƙasa. Da na gidansa Malam Tanimu ya rufe matarsa Ladidi, shekara uku ke nan.

Bana hukuma ta fito da doka: ba mai samun sabon faranti sai ya kawo tsohon gidansa, mai lambarsa, a narka. Maƙwabcin da ya ara masa ɗaya ya karɓe abinsa. Kwana biyu ke nan firijin da ake ajiye allurar jikarsa a kashe.

Da hantsi ya turo farantin a baro har rumfar karɓa. Sau uku ya wanke shi, amma Uwani, mai duba lamba, ta sa farce a gefen ƙarfen ta kankaro jar ƙasa.

"Baba, wannan daga saman kwano ya sauko?"

"Daga inda yake hutawa ya fito," in ji shi.

"Kai ne na tara a makon nan. Duk kun iya wanki, gefen nan kuke mantawa."

Ta buga hatimi ta miƙo masa takardar karɓar sabon faranti. Sannan ta rage murya. "Da me ka mayar mata?"

"Da ƙyauren ɗakinmu."

"Allah ya jiƙan ta."

Ya ce amin, ya ninke takardar. Shekara talatin Ladidi tana masa mitar ya gyara ƙyauren nan, don bai taɓa rufuwa daidai ba.