Tokar da Magini Ya Bari

Injiniya Dayyabu, ajiye katin gayyatar nan a kan tabarma, na riga na karanta shi. Kun ce tashar lantarkinku za ta bar ƙona kwal ta koma iskar gas da hasken rana, har kuka ja layi a ƙarƙashin kalmar "mun gyara". Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Hausa a makarantar da ke gindin tsibin tokarku. Kai kanka ka zauna a ajina, kana goge baƙin garin toka daga kan littafinka da hannun riga. Da a takardar jarrabawa ka rubuta mini wannan kalma, da jan biro zan soke ta. Sauyawa kuka yi, ba gyara ba. In ka manta bambancinsu, gyara zama ka ji misali.

An yi wani maginin tukwane da ya ga karan dawa da kashin shanu suna ɓata masa lokaci, sai ya koma gashi da tsofaffin tayoyin mota. Wuta ta yi ƙarfi, tukwane suka riƙa fitowa jawur, kasuwa ta buɗe. Duk garin a randarsa ake shan ruwa, saboda haka ba mai son jin laifinsa. Tokar kuwa a bayan katangarsa yake zubarwa, cikin magudanar ruwan da ta ratsa tsakaninsa da lambun wani manomi. Tokar itace abin amfani ce, ana tace ta a sa a miya. Tokar taya ko kaza ba ta tona ta. Kowace damina ruwa ya wanko ta ya shigar lambu, yakuwa ta ƙone a tsaye, rijiya ta koma kalar tawada. Matar manomin ta daina shanya farin zane a waje, sannan ta kama tarin da bai sake ta ba. Manomi ya je ya yi magana, magini ya ce aiki ya yi masa yawa. Ya sake komawa, aka ce masa hassada ce. Shekara ta bi shekara, toka ta zama tsibi, wayoyin cikin tayar da wuta ba ta ci suka saƙe ta, ta daskare kamar ganuwa. Ana nan sai ramin gashin ya tsufa ya tsage, taya kuma ta yi tsada. Wannan ne ya sa magini ya haƙa sabon rami ya koma buntun shinkafa, ba tausayin kowa ba. Hayaƙi ya yi fari. Ya shafe katangarsa da farar ƙasa ta wajen da ke kallon hanya, ya yanka rago, ya kira maroƙa suna yi masa kirarin mai tsabta. Har ya aika wa manomi da nama cikin sabuwar tukunya.

Manomi ya juye naman ya mayar, ya cika tukunyar da ruwan rijiyarsa, ya ɗauka da kansa ya dire ta a tsakiyar taro. Ya ce, "Maƙwabci, ga tukwici. Sha ka ji. Ban zo cin rago ba, tokarka nake so ka kwashe kafin ruwa ya sauka." Magini ya leƙa tukunyar ya kau da kai, ya ce, "Haba, ai wannan tsohon zance ne. Ba ka ga na daina ba?" Maroƙa suka ɗaga murya, maganar ta nutse cikin kiɗa. Bayan kwana goma sha biyu hadari ya haɗu da hantsi, aka kece da ruwa. Ruwa ya gangaro magudana kamar yadda ya saba, ya tarar da ganuwar toka ta kai iyaka, ba ko kafar wucewa. Ya tsaya, ya taru, ya juya. Ya ci gindin farar katangar nan ta kwanta, ya shiga sabon ramin ya kashe wutar, ya wuce rumfar da magini ya jera ɗanyun tukwane, aikin rani guda cur, suna jiran gashi. Kafin azahar randuna da tuluna sun narke sun koma yumɓun da aka gina su da shi, baƙi ƙirin, ba ya ko sake ginuwa saboda tokar da ta shige shi. Aka ga magini tsaye cikin caɓi har gwiwa, yana roƙon aron fartanya daga mutumin da ya ƙi saurara.

To, Injiniya, sabon injinku a ƙasan tsibin tokar nan taku kuke kafa shi, na je na gani da idona. Makarantarmu da rijiyoyinmu ma a nan suke, kuma mu ba mu zuba ko cokali ɗaya ba. Ka mayar wa manyanka katinsu. Ka ce musu malaminka ya ce su kwashe tokar nan kafin damina, su haƙa wa unguwa rijiya mai ruwan sha, su kawo likita ya duba ƙirjin waɗanda suka shekara arba'in suna shaƙarta. Ranar da suka yi haka, ni da hannuna zan rubuta musu "mun gyara", ba ko kuskuren baƙi ɗaya. In kuwa sun zaɓi rago da maroƙa, to su sani Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.